Sola DC ce, na'urar raba ruwa ma DC take ci: me ya kawo wasu na'urori a tsakani?

"Injiniya, barka da aiki. Ni ɗalibin fannin lantarki ne. Na karanta cewa ana samar da haidirojin da ake kira kore ta hanyar raba ruwa da wutar sola. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, farantin sola DC yake bayarwa, na'urar raba ruwan ma DC take ci. To me ya kawo inbata da taransifoma da raktifaya a tsakaninsu? Ba asarar wuta da kuɗi ba ce? Me zai hana a ja waya biyu a jona su kawai?"

Barka kadai. Idan na fahimce ka, tambayarka ita ce: tunda mai bayarwa da mai karɓa jinsin wuta ɗaya suke amfani da shi, wane aiki ya rage wa na'urorin sarrafa wuta? Amsar farko ita ce ana iya jona su kai tsaye. An yi, ni ma na yi, kuma haidirojin ya fito. Sai dai DC sunan jinsin wutar ne kawai, wato wutar da ke gudu ta fuska ɗaya ba ta kai-komo. Sunan bai gaya maka boltej nawa ba, bai gaya maka karant nawa ba, bai kuma gaya maka ko wutar a natse take ko tana rawa ba. Waɗannan ukun su ne ke yanke hukuncin kilo nawa za ka samu, da wuta nawa, da kuma shekara nawa na'urarka za ta yi kafin ta gaji.

Me ya sa ake ce masa kore

Haidirojin ba shi da launi. Launin da ake laƙaba masa na nuna inda ya fito ne. A 2022 duniya ta yi amfani da kimanin tan miliyan 95, galibi a matatun mai da masana'antun amoniya da ake yin takin zamani da ita, da kuma na metanol. Kusan duka daga iskar gas da kwal ake samunsa. Idan daga iskar gas ne, kowane kilo ɗaya na tafiya da kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon da ake saki sama. Na kwal kuwa ya kai ninki biyu na haka. Wanda aka samu ta raba ruwa da wutar rana ko iska ko ta madatsar ruwa shi ake kira kore, kuma har yanzu bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake samarwa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka raba ruwa da batir a Landan. Tun ƙarshen shekarun 1920 Norsk Hydro ke yin haka da wutar ruwa a Rjukan ta ƙasar Norwe don yin taki, kuma Masar ta yi irinsa a Aswan daga wajen 1960. Amma ka lura, waɗancan duk da wutar madatsa ce, wadda ke zuwa dare da rana ba ta canzawa. Sabon abu a yau shi ne ana so na'urar da aka ƙera don wuta mai natsuwa ta ci daga rana, wadda ke fitowa, ta shiga gajimare, ta fito, ta faɗi.

Lissafin da ya kamata ka haddace

Idan za ka manta da duk abin da na rubuta, kada ka manta da wannan. Dokar Faraday ta ce yawan haidirojin da ke fita ya dogara ne da yawan cajin da ya ratsa sel, wato ɗan ɗakin da ake raba ruwan a cikinsa, ba da boltej ba. Kowace ƙwayar haidirojin na buƙatar elektiron biyu. Idan ka buga lissafin, kilo ɗaya na buƙatar kimanin amfiya-awa 26,600 a sel guda. Wannan adadin ba ya canzawa, ko na'urar wane kamfani ce.

Boltej kuma shi ne kuɗin da kake biya a kan kowane elektiron. A digiri 25, mafi ƙarancin abin da zai raba ruwa shi ne bolt 1.23. A bolt 1.48 sel ba ya shan zafi daga waje kuma ba ya fitarwa. Na'urorin da ke aiki a zahiri suna tsakanin bolt 1.8 da 2.0 a kowane sel, wasu ma sama da haka, kuma duk abin da ya haura 1.48 zafi yake zama, sai an kwashe shi da ruwan sanyaya. Ninka 26.6 da boltej na sel, sai ka sami kilowat-awa da kilo ɗaya ya ci: a bolt 1.8 kusan 48, a 1.9 kusan 50 da rabi, a 2.0 ya ɗan haura 53. Ƙarin bolt 0.1 kacal na ci maka kusan kilowat-awa 2.7 a kowane kilo. Idan aka haɗa da famfuna da na'urar sanyaya da ta busar da iskar, yawancin masana'antu na cin 50 zuwa 55 ko fiye, alhali makamashin da ke cikin kilon 33.3 ne, ko 39.4 idan an ƙirga zafin da ke cikin tururin da ya fita bayan ƙonawa.

Ana jera sel-sel a layi ɗaya, karant guda ya ratsa su duka. Jeri mai sel 100 da ke ɗauke da amfiya 1,000 zai nemi kusan bolt 190, ya ci kilowat 190, ya ba ka kilo 3 da ɗigo 7 ko 8 a awa. Ka ga siffar abin: boltej kaɗan, karant mai tarin yawa. Manyan na'urori na megawat 5 na ɗaukar dubban amfiya a 'yan ɗaruruwan bolt. Ruwa kuwa, kilo 9 ke ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 8 na oksijin, kuma dole ya zama tatacce sosai, don haka abin da ake ɗiba daga tushe ya fi haka.

Halin faranti da halin na'ura

Farantin sola hali biyu gare shi. Daga boltej sifili har zuwa wata gwiwa, karant ɗinsa kusan ba ya motsi; hasken da ya sauka a kansa ne ke ƙayyade shi. Da zarar ka wuce gwiwar, karant sai ya zube kamar an ture shi daga gangare. A kan gwiwar nan ne faranti ke ba da iyakar ƙarfinsa, kuma neman wurin da zama a kai shi ne aikin abin da ake kira MPPT.

Ita kuma na'urar raba ruwa ba ta shan komai sai boltej ya kai wani mizani, daga nan ƙarin boltej ɗan kaɗan na jawo ƙarin karant mai yawa. Idan ka jona su kai tsaye, ba kai ke zaɓar inda za su yi aiki ba. Inda zanen halin wannan ya gitta na wancan, nan za su zauna.

Zan yi wa ra'ayinka adalci. Idan haske ya ƙaru, boltej na gwiwar faranti kan ɗan hau kaɗan, karant ya hau da yawa, kuma haka na'urar take so. Siffofin biyu sun yi kama, shi ya sa idan an zaɓi yawan faranti da yawan sel da kyau ake iya zama kusa da gwiwa mafi yawan yini. Tun shekarun 1980 zuwa 1990 aka nazarci wannan, har Jamus da Saudiyya suka gina tashar gwaji ta kilowat 350 kusa da Riyad a ƙarƙashin shirinsu na HYSOLAR. Don haka ba shirme ka faɗa ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Zanen biyu ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma sau da yawa gaba da gaba suke tafiya. Faranti na rasa kimanin kashi 0.3 cikin 100 na boltej ɗinsa a kowane digiri na ƙarin zafi. Alƙaluman da ke jikin takardarsa a digiri 25 aka auna su, shi kuwa a tsakar rana yana iya kai digiri 65. Ratar digiri 40 ke nan, boltej ya sauka da kusan kashi 12. Na'urar kuma idan tana da sanyi da safe boltej mai yawa take nema, sai ta ɗumama take sassautawa. Sannan tana tsufa: kowace shekara abin da take nema na ɗan hawa, har ya kai kusan kashi 10 sama da na farko lokacin da ake maganar sauya jerin.

Wannan darasin da hannuna na koye shi. Shekarun baya na haɗa ƙaramar na'ura ta 'yan kilowat da farantai kai tsaye a wurin gwaji. Na zaɓi yawan farantan bisa alƙaluman takarda, lissafi ya fita tsaf. Da hantsi komai lafiya. Da rana ta take, lokacin da nake jiran mafi yawan iska, sai ma'aunin ya nuna ƙasa da na ƙarfe goma. Na duba wayoyi, na wanke farantai, na zargi ma'aunin kansa. Ashe farantan ne suka yi zafi, gwiwarsu ta ja baya, na'urar ta tsinci kanta a kan gangaren. Da na ƙara faranti ɗaya a kowane layi, matsalar tsakar rana ta kau, amma sai safiya da yamma suka zama akwai rarar boltej da ba ya amfanar kowa.

A kan wannan rarar ne za ka gane ainihin amfanin kwanbata. Tunda da amfiya ake ƙirga haidirojin, rarar boltej a haɗin kai tsaye asara ce zalla. Kwanbata mai rage boltej kuwa musanya take yi: ta karɓi bolt mai yawa da karant kaɗan, ta miƙa bolt kaɗan da karant mai yawa, ta ci ladanta na kashi 2 ko 3. Faranti ya zauna a gwiwarsa, na'ura ta sami abin da take so, babu wanda ya ja ɗan'uwansa zuwa inda bai dace da shi ba.

Akwai kuma maganar waya, wadda ɗalibai kan tsallake. Megawat 1 a bolt 1,200 amfiya 833 ne. A bolt 200 kuwa amfiya 5,000 ne. Karant ya ninka sau 6, asarar zafi a waya iri ɗaya ta ninka sau 36, domin da murabba'in karant take tafiya. Shi ya sa manyan gonakin sola ke aiki a bolt 1,000 ko 1,500 na DC. Ka kwatanta gona mai faɗin kadada ɗaruruwa ana son tattaro wutarta a bolt 200. Kuɗin jan ƙarfen waya kaɗai zai kashe aikin. Sannan a haɗin kai tsaye ba ka da linzami. Ba za ka iya taƙaita karant ba, ba za ka iya ɗaga shi a hankali ba, kuma idan wani abu ya ɓaci, abin da ya rage maka shi ne ka yanke.

Me ya sa manya ke bi ta AC

Hanya ta biyu ke nan, kwanbata ta DC zuwa DC. Ta uku ita ce wadda ta ba ka mamaki: inbata ta mai da wutar faranti AC, wato mai kai-komo, taransifoma ta ɗaga ta, a kai ta inda na'urorin suke, wata taransifoma ta sauke ta, raktifaya ta sake mai da ita DC. A ɗauka inbata na miƙa kashi 98 na abin da ta karɓa, kowace taransifoma 99, raktifaya 97. Ninka su, za ka ga kusan kashi 7 ya salwanta, a inda kwanbata ɗaya za ta ci 2 ko 3. A takarda hanyar DC ta yi nasara.

Duk da haka yawancin manyan ayyuka ta AC suke bi, kuma ba don rashin iya lissafi ba. Gonar sola da masana'anta kan yi nisan kilomitoci, kuma taransifoma ce hanya mafi sauƙi ta ɗaga boltej a yi wannan tafiyar. A layin AC za ka iya haɗa sola da injinan iska da batir da babban layin ƙasa wuri ɗaya. Famfuna da kwamfuresa da na'urorin sanyaya duk AC suke ci. Taransifoma na raba na'urar da sauran layi ta fuskar lantarki, abin da ke da muhimmanci ga tarin ƙarfe mai jiƙe da ruwan da ke ɗaukar wuta. Yanke babban karant na DC ma ya fi wuya: AC mai zagaye 50 a daƙiƙa na ratsa sifili sau 100, tartsatsin ya mutu da kansa, DC kuwa ba ta da wannan hutun. A ƙarshe, bankin da zai ba da rance ya fi natsuwa da kayan da aka shafe shekaru ana amfani da su.

Ra'ayina shi ne, idan aikin ƙarami ne ko matsakaici, farantai na kusa da na'ura kuma babu babban layi, hanyar DC zuwa DC ta fi ma'ana, kuma ina ganin za ta ƙara samun wuri. Idan ana maganar ɗaruruwan megawat da tushen wuta fiye da ɗaya, AC ce.

Raktifaya: inda ake yawan yin araha a yi nadama

Tsohon jarumi a nan shi ne tairista, wani irin makunnin lantarki, wadda General Electric ta fito da ita kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. Masana'antun narka alminiyam da na kilorin sun daɗe suna dogaro da ita wajen dubban amfiya. Tana da juriya, ba ta da tsada, kuma idan tana aiki a cike asararta kaɗan ce. Yadda take rage wuta shi ne ta jinkirta kunnawa a kowane zagaye na AC, ta yanke wani ɓangare ta bar saura. Matsalarta daga nan take fitowa. Iya jinkirin da ka ƙara, iya yadda DC ɗin ke fita a yayyanke, iya kuma yadda take jan karant marar aiki daga layi, wanda ke cika waya da taransifoma ba tare da ya samar da komai ba. Masana'antar alminiyam ba ta damu sosai ba, don a cike take aiki kullum. Na'urar da ke bin rana kuwa rabin rayuwarta a rabin ƙarfi take yi, daidai inda tairista ta fi muni.

Akwai wani tarko kuma. Dole a zaɓi raktifaya da za ta iya ba da boltej ɗin da jerin zai nema idan ya tsufa. Ma'ana lokacin da jerin yake sabo, ko a cikakken ƙarfi tairista a jinkirce take aiki.

Raktifaya mai bugu 6 a kowane zagaye, a layi mai zagaye 50 na barin rawa sau 300 a daƙiƙa a kan DC, tana kuma mayar wa layi datti, musamman hamonik na 5 da na 7. Mai bugu 12 na kashe waɗannan biyun ta bar na 11 da na 13, rawar ta koma 600 ta kuma ragu. Ana zuwa har 24. Sauran sai a bi da matatai don a cika ƙa'idoji irin su IEEE 519.

Me ya sa rawar karant ta dame mu? Koma kan lissafin farko. Haidirojin na bin matsakaicin karant, zafi kuma na bin murabba'insa. Ɗauki amfiya 100 a natse, ka kwatanta da karant da ke tsalle tsakanin 50 da 150, rabi da rabi. Matsakaicinsu ɗaya, don haka iskar da za su ba ka ɗaya ce. Amma murabba'in na farko 10,000 ne, na biyu kuwa matsakaicin 2,500 da 22,500, wato 12,500. Asarar da ke zama zafi a juriyar sel ta ƙaru da kashi 25, ba a ƙara ko giram ɗaya ba. Misalin na zuzuta shi don ya fito fili, amma haka abin yake. Rawa mai sauri sosai sel na iya shanye wani ɓangarenta, domin fuskar ƙarfen da ke cikin ruwa na aiki kamar kafasita. Mai jinkiri irin ta tairista ce ta fi isa gare shi.

Na taɓa duba wata na'ura da masu ita ke kukan tana zafi kuma tana cin wuta fiye da alkawarin takarda. Sun riga sun yanke hukuncin jerin ne ya lalace. Ma'aunin hannu ya nuna karant daidai, domin matsakaici yake karantawa. Da muka ɗora osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, sai ga karant na hawa da sauka kamar haƙoran zarto. An sayi raktifaya mai araha, ba a sa mata isasshen naɗin waya mai lallashe karant ba. Jerin lafiyarsa ƙalau.

Sabon zubi shi ne taransista irin IGBT, mai kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Ana iya sa dayod ta fara mai da wutar DC sannan IGBT ta daidaita, ko a yi duka da IGBT. DC ɗin na fita a natse ko a ƙaramin ƙarfi, layi ba ya ƙazanta, har ma tana iya taimaka wa layin ya riƙe boltej ɗinsa. Kuɗinta ya fi yawa, kuma a cikakken ƙarfi asararta kan ɗan fi ta tairista. A kwanbatocin DC kuma dabarar da aka saba ita ce a jera ƙafafu da yawa a gefen juna, kowace ta kunna a lokacinta, rawar wannan ta kashe ta wancan. Idan ɗaya ta mutu sauran su ci gaba. Taransistocin silikon kabaid na ƙara sauri da rage asara, ana kuma ganinsu sosai a inbatocin sola. Idan babu babban layi sam, tairista kan wahalar da ƙaramin layin da inbata kaɗai ke riƙe da shi, sai an haɗa da batir da inbata mai iya kafa boltej da zagayen layin da kanta.

Abin da sinadaran ke nema daga wuta

Ni ɓangaren wuta nake aiki, abin da ke faruwa a cikin sel fagen masana sinadarai ne, amma duk mai tsara wutar dole ya san iyakokin da suka gindaya masa.

Na'urar alkalin, tsohuwar, na amfani da ruwan fotash mai ƙarfin kashi 25 zuwa 30 da ƙarfen nikel, a digiri 60 zuwa 90. Tsakanin ɓangaren haidirojin da na oksijin akwai shamaki, amma ɗan haidirojin na tsallakawa kullum. Idan ana aiki a cike, oksijin mai yawa na fita yana wanke shi. Idan karant ya yi ƙasa, oksijin ya ragu amma tsallaken bai ragu ba. Cakuɗar na iya kama wuta daga kashi 4, shi ya sa ake kashe na'ura idan ta kai 2. Wannan ne ya sa alkalin ke da mafi ƙarancin ƙarfin da za ta iya aiki a kai, galibi tsakanin kashi 10 da 40 gwargwadon ƙira. Kashewar ma ba kyauta ba ce: idan aka ɗauke wuta, wani karant kan bi ta ruwan ya koma da baya yana cin ƙarafan sel. Na'urar da ke bin rana aƙalla sau 365 za ta kwanta a shekara. Shi ya sa wasu ke barin ɗan siririn karant na kariya daga batir bayan faɗuwar rana, aikin da sai da kwanbata zai yiwu.

Na'urar PEM, mai daskararren tantani a madadin ruwan fotash, ta fi saurin bin canjin wuta, tana sauka ƙasa sosai, kuma tana ɗaukar amfiya 1 zuwa 2 ko fiye a kowace murabba'in santimita, ninki da yawa na tsohuwar alkalin. Cikas ɗinta iridiyam da filatinam. Iridiyam ɗin da duniya ke haƙowa bai wuce tan 7 zuwa 8 a shekara ba, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Akwai ta uku mai aiki da tururi a digiri 700 zuwa 850. Ta fi kowa tsimin wuta, amma ba ta son a riƙa ɗumama ta ana sanyayawa, don haka da rana kaɗai ba su cika jituwa ba.

Dubi yadda manyan ayyuka suka bi da wannan. A Puertollano ta Sifen, Iberdrola ta haɗa PEM ta megawat 20 da sola ta megawat 100 da batir na megawat-awa 20, don kamfanin taki na Fertiberia. Solar ta ninka na'urar sau biyar, ta yadda ko da hantsi ko la'asar na'urar a cike take, rarar kuma ta tafi babban layi. A Kuqa ta yankin Xinjiang a Sin, Sinopec ta kafa na'urorin alkalin 52 masu megawat 5 kowace, jimilla 260, da sola ta megawat 300, da burin tan 20,000 a shekara. An fara aiki a 2023, kuma rahotannin ƙarshen shekarar sun nuna tana samar da ƙasa da abin da aka tsara sosai, inda aka danganta hakan da wahalar sauke na'urorin zuwa ƙaramin ƙarfi lafiya. A NEOM ta Saudiyya an tsara na'urorin alkalin fiye da gigawat 2, amma an haɗa rana da iska wajen gigawat 4, don a cike giɓin dare. Idan na'urori suna da yawa akwai wata dabara: maimakon a sauke duka zuwa kashi 15, a kashe wasu a bar sauran a kashi 50, a riƙa karɓa-karɓa don kada ɗaya ta fi saura gajiya. Mai sarrafa wutar ne ke wannan rabon.

Dokoki ma na tura mu wannan wajen. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2023 ta ce kafin a kira haidirojin mai sabuntuwa, wutar da aka ci ta dace da wadda aka samar a wata guda, daga 2030 kuma a awa guda. Ma'ana na'ura ta bi rana da iska da gaske, ba a takarda ba.

Iyakar abin

Megawat 1 na sola a wuri mai rana sosai na ba da kimanin megawat-awa 1,800 a shekara. A kilowat-awa 55 kowane kilo, tan 33 ke nan. Shekara awa 8,760 ce, na'urar da ke bin sola zalla kuwa abin da take yi bai wuce daidai da kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na wannan lokacin a cikakken ƙarfi ba, alhali kuɗin sayenta bai ragu ba. Babu kwanbatar da za ta gyara wannan. Idan kuma burinka ka adana wutar rana don dare, batirin litiyam na dawo maka da kashi 85 zuwa 90 ko fiye, zagayen wuta zuwa haidirojin zuwa wuta kuwa 30 zuwa 40 ne. Wurin da haidirojin kore ya fi cancanta shi ne inda ake buƙatar haidirojin ɗin kansa: taki, matatun mai, da cire oksijin daga tamar ƙarfe a madadin kwal.

Tunda ɗalibi ne kai, ga abin da zan so ka gwada. Samu ƙaramin jeri da faranti, ka zana halin kowanne: na faranti da safe da tsakar rana, na jerin yana da sanyi da bayan ya ɗumama. Ɗora zanen a kan juna ka ga inda suke gittawa. Yi yini ɗaya da haɗin kai tsaye, wani yinin mai irin haskensa da ƙaramar kwanbata mai MPPT, kana ƙirga amfiya-awa da suka ratsa jerin a kowanne. Wannan adadin ka ninka da yawan sel ka raba da 26,600, ya kamata ya yi kusa da nauyin iskar da ka tara. Duba karant da osiloskof, kada ka tsaya ga ma'aunin hannu. Kuma ka yi gwajin a fili ko inda iska ke ratsawa ta sama, bututun oksijin daban na haidirojin daban, domin haidirojin na kama wuta a iska daga kashi 4 har 75, yana taruwa a ƙarƙashin rufi, kuma da rana harshen wutarsa kusan ba a ganinsa.